Shata Ko Haɗaka: Tambayar Da Masu Tallar Kirifto Suke Kauce Wa

Gabatarwa

Garin Malanville yana bakin kogin Kwara ne, a ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, cikin jihar Alibori. Tsakaninsa da garin Gaya na Jamhuriyar Nijar akwai kogi da gada da 'yar gajeriyar tafiya. Ta wannan gada manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka saba wucewa zuwa Doso da Yamai da Maraɗi. Kasuwar garin tana cikin mafiya girma a ƙasar, kuma Hausa tana cikin harsunan da ake ciniki da su a can, ko albasa ake saye, ko shinkafa, ko canjin naira da sefa.

Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar. Benin ta buɗe nata ɓangaren a shekarar 2024, Nijar kuwa ta bar nata a rufe. Ciniki bai mutu ba, sauka ya yi daga kan gada ya koma cikin kwale-kwale. Duk mai kayan da ya iso bakin ruwa yana da zaɓi biyu: ko ya ɗauki shatar jirgi guda shi kaɗai, ko ya haɗa kayansa da na jama'a a raba kuɗin fito. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa shata ba ta mayar da mutum matuƙi, haka kuma haɗaka ba ta hana jirgi kifewa.

Irin wannan zaɓi ne yanzu yake shigowa wayoyin matasa da 'yan kasuwa ta hanyar tallar abin da ake kira sitakin, wato jingine kuɗin kirifto domin samun lada. Ana ce wa mutum ya zaɓa tsakanin mai tantancewa nasa shi kaɗai da mai tantancewa na haɗaka. Wannan maƙala tana da'awar cewa an karkatar da tambayar tun daga tushe. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: a hannun wa mabuɗin cire kuɗi yake, kuma wa zai ɗauki asara idan an yi kuskure? Tana kuma da'awar cewa kalmomin Hausa da ake tallar da su, musamman ajiya da adashi, suna rufe wannan tambaya, don haka ɗalibin Hausa yana da ta cewa a ciki.

Yadda abin yake aiki

Kuɗin kirifto yana tafiya ne a kan kundin lissafi wanda babu wani banki da yake riƙe da shi. Kwamfutoci dubbai ne suke ajiye kwafinsa, kuma dole a sami masu shaida cewa kowane sabon shafi da aka ƙara daidai yake. A tsarin Bitcoin, masu wannan aiki suna ƙona wutar lantarki ne wajen gasar lissafi, shi ne abin da matasan Arewa suka ara suke kira mainin. Tsarin Ethereum ya bar wannan hanya ranar 15 ga Satumba, 2022, ya koma tsarin jingina. A nan mai son zama shaida yakan kawo kuɗin Ethereum guda 32 ya kulle su, ya kuma bar kwamfutarsa a kunne dare da rana. Wannan kwamfuta da kuɗin da aka kulle mata su ne mai tantancewa, wanda 'yan harkar suke kira balideta.

Ana raba lokaci a wannan tsari daƙiƙa 12 daƙiƙa 12, kuma kowane mai tantancewa yakan sa hannu sau ɗaya a cikin kowane minti shida da ɗoriya. Idan ya yi aikinsa a kan kari, a ba shi lada, wanda a 'yan shekarun nan yake kewayen kashi 3 cikin ɗari a shekara. Idan kwamfutarsa ta mutu, a rage masa kwatankwacin abin da da zai samu. Idan kuwa ya sa hannu a kan shaida biyu masu karo da juna, to wannan babban laifi ne: za a zaftare wani ɓangare na kuɗinsa, a kuma kore shi daga aikin. Tarar tana ƙaruwa gwargwadon yawan waɗanda suka yi laifin tare da shi a lokaci guda.

Abin da mai karatu zai riƙe a nan shi ne mabuɗai biyu ne. Akwai mabuɗin sa hannu, wanda yake zaune a cikin kwamfutar da take aiki. Akwai kuma mabuɗin cire kuɗi, wanda mai riƙe da shi ne kaɗai kuɗin za su koma wa. Na farko kamar sandar tuƙin jirgi yake, na biyu kuwa takardar mallakar kaya ce. Duk wata talla da ta yi shiru game da na biyu, ta ɓoye rabin zance.

Ajiya, adashi, jingina

Bahaushe yana da kalmomi daban-daban na mu'amalar kuɗi, kowacce da alkawarin da take ɗauke da shi. Ajiya amana ce: abin da aka ba mutum shi zai mayar, ba ragi ba ƙari, a duk ranar da mai shi ya zo nema. Adashi kuwa zubi ne na mutanen da suka san juna, kowa ya san ranar kwasarsa, abin da ya zuba shi zai ɗauka, ga kuma uwar adashi da aka san gidanta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan alkawura da sitakin yake cikawa. Kuɗin suna iya raguwa ta hanyar tara. Ba a cire su sai an bi layi, kuma layin yakan kai makonni idan masu fita sun yi yawa. Waɗanda suka kulle kuɗinsu tun farkon buɗe tsarin a Disambar 2020 ba su sami hanyar cirewa ba sai ranar 12 ga Afrilu, 2023, wato bayan fiye da shekara biyu. Ajiyar da mai ita ba zai iya taɓawa ba tsawon wannan lokaci ta tashi daga sunan ajiya.

Kalmar da ta fi kusa da gaskiyar lamarin ita ce jingina. Mai jingina yakan ba da kadararsa a riƙe domin tabbatar da cewa zai cika alkawari, kuma ya san idan ya saɓa kadarar tana iya salwanta. Da za a ce wa mai sayar da albasa ya kawo kuɗinsa ajiya, zai miƙa hankali kwance. Da za a ce masa ya kawo su jingina, nan take zai tambaya: a hannun wa, kan wane sharaɗi, yaushe zan fansa? Waɗannan su ne tambayoyin da mai talla ba ya so a yi, shi ya sa yake gudun kalmar. Hukuncin halasci ko haramcin ladan aikin malaman fiƙihu ne, amma su ma ba za su yi fatawa daidai ba idan an kawo musu jingina an ce ajiya ce.

Shata ba mallaka ba ce

Masu kambama mai tantancewa na mutum shi kaɗai suna cewa shi ne 'yanci, shi ne hanyar manya. Sai a duba kuɗin shiga. Idan Ethereum guda yana kan dalar Amurka 2,000, guda 32 sun kama dalar Amurka 64,000, wato sefa fiye da miliyan 30. Wannan jari ne da zai cika manyan motoci da kaya. Mutum nawa ne a kasuwar Malanville ko ta Gaya ko ta Kamba za su iya cire irin wannan kuɗi daga juyawa, su kulle shi don neman kashi 3 a shekara?

A ɗauka ma an sami mai kuɗin. Idan zai kafa kwamfutar a gidansa, yana buƙatar wuta da intanet da ba sa yankewa, a garin da zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, kogi kuma yakan yi ambaliya da damina. Gaskiya ne ɗaukewar wuta ta awa ɗaya ko yini ɗaya ba ta jawo babbar tara, ladan lokacin ne kawai da ɗan ragi suke tafiya. Haɗarin yana cikin maganin da mutane suke yi wa matsalar. Mai tsoron ɗaukewar wuta yakan tanadi kwamfuta ta biyu da mabuɗi iri ɗaya, ranar da duka biyun suka tashi tare sai su sa hannu sau biyu, tara ta hau. Garin neman gira a rasa ido. Wannan kuskure bai tsaya ga ƙananan mutane ba. A Fabrairun 2021 an ci tarar masu tantancewa 75 na kamfanin Staked, a Oktoban 2023 kuma aka ci ta guda 20 da kamfanin Launchnodes yake gudanarwa, dukkansu saboda kuskuren na'ura da na ma'aikata, ba don niyyar zamba ba. Idan kamfanonin da wannan ce sana'arsu suna faɗawa ramin, ina ga wanda ya koya jiya a bidiyon waya?

Saboda haka akasarin abin da ake sayarwa da sunan mai tantancewa naka kai kaɗai shata ce kawai. Mutum ya kawo guda 32, kamfani a Turai ko Amurka ya gudanar da kwamfutar, ya riƙe mabuɗin sa hannu, ya karɓi ladan aikinsa. Wannan tsari yana da fa'ida ta gaske, bai kamata a musa ba. Kuɗin mai shata ba su gauraya da na kowa ba, kuma idan tun farko an rubuta adireshinsa a matsayin wurin da kuɗi za su koma, kamfanin ba zai iya gudu da su ba. Tun bayan gyaran da aka yi wa tsarin a watan Mayun 2025 ma, mai mabuɗin cirewa yana iya neman fita da kansa ba tare da jiran kamfani ba. To amma fa'idar duka ta rataya ne a kan wancan sharaɗi guda. Idan adireshin kamfani aka rubuta, mai kuɗi bai mallaki komai ba sai alkawari. Ko da kuma nasa aka rubuta, matuƙi dai wani ne, idan ya kifar da jirgi kayan mai shata ne suke jiƙewa, sannan a koma neman diyya a kotun ƙasar da ɗan Malanville bai taɓa takawa ba.

Haɗaka iri-iri ce

Haɗa gwiwa don tsallake hanya mai haɗari tsohuwar hikima ce a wannan yanki. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro daga Kano da Sakkwato yakan tsallake Kwara ya ratsa ƙasar Borgu, ya bi ta Jugu har zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Babu falken da yake kama wannan hanya shi kaɗai. Ana naɗa madugu ya ja tafiya, ya sasanta da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Sai dai duk da haka kowane falke yana tare da jakunansa da kayansa, madugu bai mallake su ba. An haɗa tafiya, ba a haɗa dukiya ba. Wannan ne ma'aunin da ya kamata a auna kowace haɗaka ta zamani da shi.

Nau'i na farko shi ne wanda mutum yake tura kuɗinsa ga kasuwar musaya ko kamfanin ba da rance, su yi masa sitakin. A nan duka mabuɗai biyun suna hannun kamfani, abin da mai kuɗi yake gani a waya lamba ce kawai. Ranar 12 ga Yuni, 2022 kamfanin Celsius na Amurka, wanda ya shahara da alkawarin lada mai tsoka, ya dakatar da cire kuɗi, wata guda bayan haka ya shelanta karyewa. A Nuwambar wannan shekara kasuwar FTX ta rushe. Kuɗin banki a Nijeriya suna da hukumar inshora ta NDIC a bayansu, ƙasashen sefa ma suna da asusun lamunin masu ajiya. Wanda ya tura kuɗinsa irin waɗannan kamfanoni ba shi da ko ɗaya. Wannan ba ayari ba ne, miƙa wa baƙo jakuna ne a ce sai mun haɗu a Salaga.

Nau'i na biyu shi ne wanda manhaja take tara kuɗin jama'a, ta raba wa masu gudanarwa da yawa, ta ba kowa wata shaida da zai riƙe a lalitarsa ta waya. Lido da Rocket Pool suna cikin wannan rukuni. Lido tana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari na ladan, Rocket Pool kuma tana karɓar zubi ƙanƙane har zuwa kashi ɗaya bisa ɗari na Ethereum guda. Idan an ci tarar wani mai gudanarwa, asarar takan watsu a kan kowa, ta zama 'yar kaɗan a kan mutum ɗaya. Amma ita ma tana da nata rami: manhaja tana iya samun ɓaraka, shaidar kuma tana iya faɗuwa ƙasa da kuɗin da take wakilta, kamar yadda ta Lido ta yi a Yunin 2022 lokacin da kowa ya ruga sayarwa.

Nau'i na uku shi ne wakilci, kamar yadda yake a tsarin Cardano, inda kuɗin ba sa barin lalitar mai su, ba a kulle su, ba a kuma cin tararsu. Wannan ya fi kama da ayari na gaskiya, ko da yake darajar kuɗin kanta tana hawa da sauka kamar ta sauran. Mai tallar da ya tattara waɗannan nau'o'i uku ya kira su da suna ɗaya, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani yana rufewa.

Hujjar masu sukar haɗaka

Masu goyon bayan mai tantancewa na ƙashin kai suna da hujja mai ƙarfi, ya wajaba a saurare ta. Tsarin Ethereum ba ya tabbatar da shafi tabbaci na ƙarshe sai masu kashi biyu bisa uku na kuɗin jingina sun yarda. Ma'ana, duk wanda ya tara fiye da kashi ɗaya bisa uku yana iya tsayar da tafiyar. A shekarar 2023 kason Lido ya yi kusa da wannan iyaka. Idan kowa ya bi babbar haɗaka saboda sauƙi, an koma gidan jiya: 'yan tsiraru suna riƙe da kundin da aka ce na kowa ne. Mutumin Malanville ya fi kowa fahimtar wannan, domin ya ga abin da yake faruwa idan cinikin ƙasashe biyu ya dogara da gada guda.

Hujjar gaskiya ce, amma an ɗora ta a kan wuyan da bai dace ba. Kare tsarin daga mamayar manya nauyi ne a kan masu manyan jari da masu rubuta manhajar. Ba a ce wa mai buhu goma ya sayi jirgi don kada masu jirage su haɗa kai. Abin da ƙaramin mai jari zai iya yi shi ne ya kauce wa mafi girman haɗaka idan akwai ƙarama amintacciya, kuma wannan ya wadatar a matsayin nasa kason.

Lissafin ɗan kasuwa

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya sayi Ethereum na sefa 500,000 ya sa a haɗaka. A kashi 3, ladansa na shekara sefa 15,000 ne, a cire kashi 10 na manhaja, saura 13,500. Idan farashi ya faɗi da kashi ɗaya bisa huɗu a wannan shekara, ya yi asarar 125,000. Irin wannan faɗuwa ba baƙon abu ba ne: a Nuwambar 2021 Ethereum guda ya haura dalar Amurka 4,800, zuwa Yunin 2022 ya sauko ƙasa da 1,000. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka ɗan Benin ko ɗan Nijar ba shi da uzurin da ɗan Nijeriya yake kawowa na gudun faɗuwar naira. Wanda yake juya wannan jari a cinikin albasa sau da yawa a kaka ɗaya ya san inda ribarsa take.

Wannan lissafi kuma shi ne sikelin gane ɗan damfara. Tunda tsarin kansa kashi 3 yake bayarwa a shekara, duk wanda ya yi alkawarin kashi 10 ko 20 a wata da sunan sitakin daga aljihun sababbin shiga yake biyan tsofaffi. Mutanen Benin ba su manta da ICC Services ba, wadda ta rushe a 2010 da kuɗin dubban mutane da suka haura sefa biliyan 100. Nijeriya ta ga MMM a ƙarshen 2016, ta kuma ga CBEX a Afrilun 2025. Suna ne kawai yake sauyawa, kuma kowane karo da kalma mai daɗin ji ake shigowa.

Kammalawa

Jarin da ake juyawa a kasuwa bai dace da shata ba, bai dace da haɗaka ba. Wanda yake da rarar da zai iya jure rasawa, haɗakar da ta bar masa mabuɗi a hannunsa ta fi masa shatar da ba zai iya biya ba, ta kuma fi masa kamfanin da zai karɓe komai ya ba shi lamba a waya. Shata ta mai guda 32 ce wanda ya ga adireshinsa da idonsa a wurin cire kuɗi, ya kuma karanta abin da kamfani ya ɗauka zai biya idan an ci tara.

Saura aikin ɗaliban harshe. Kalmomin wannan fage suna kafuwa ne yanzu a bakin masu talla, kuma kalmar da ta riga ta zauna tana da wuyar tumɓukewa. Mai fassara labari a rediyo, da mai rubuta darasi, da mai tsara ƙamus, idan suka ce jingina a inda mai talla ya ce ajiya, suka ce shata a inda ya ce mallaka, sun ba mai sauraro abin da zai kare kansa da shi. Ɗan kasuwar da yake tsaye a bakin Kwara yana tambayar matuƙi nawa ne kuɗin fito da wanda zai biya idan kaya sun nutse, ya riga ya iya tambayar. Abin da yake buƙata shi ne a gaya masa sunan abin da ake sayar masa da Hausar da ba ta rufe komai ba.